Ƙarfen da Na Cire wa Motar Abu Yasir

Zango na farko Aziziyya ce, wata unguwa a Makka, kuma a nan aka fara nuna mini matsayina. Kwana tara da saukata aka miƙo mini iƙama, wato katin zama da aiki. Ban iya karanta Larabcin ofis ba, sai na ba wani Basakkwace da ke kwana a gadon da ke saman nawa. Ya duba katin, ya dube ni.

"Malam Haladu, wane aiki aka ce maka za ka yi?"

Na ce, "Kanikanci. Shekara ashirin da biyu ina gyaran mota a Funtuwa."

Ya ce, "To, a nan mai shara aka rubuta."

Mutumin da ya yi mini hanya ya rantse mini cewa garejin motocin alhazai za a kai ni. Na kira lambarsa sau uku a rana har mako guda, ba ta shiga. Daga nan na daina, domin ba na ɓata lokaci a kan abin da ya riga ya wuce. Aka ba ni riga mai ruwan lemo, da tsintsiya mai dogon hannu, da bene biyu na wani gidan saukar alhazai. Kwangilar ta shekara biyu ce. In ta ƙare, sharikar, wato kamfanin da ya kawo ni, za ta buga mini huruj, wato fita ba dawowa, sai dai in wani ya karɓi kafalata ya mai da ni ƙarƙashinsa.

Na tsara kwanakina yadda na saba tsara komai. Asuba a masallacin unguwa, shara daga sama zuwa ƙasa, goge-goge daga dama zuwa hagu, Juma'a a Harami. Ba tsintsiyar ce ta fi damuna ba. Bas-bas ɗin da ke wucewa ta ƙarƙashin taga ne. Ina jin wadda fulogi ɗaya ya mutu mata, ina jin wadda bel ɗinta ya saki, kuma ba ni da ikon in ce wa kowa komai. Wata shida da zuwana baƙin mai ya fita daga ƙarƙashin farcena gaba ɗaya. Ranar da na lura da haka ban ci abincin rana ba. Matata Hajara takan tambaye ni a waya ko motocin Larabawa suna da wuyar gyara. Nakan ce mata mota duk mota ce.

Zango na biyu Hindawiyya ce, unguwar da Hausawa suke da yawa. Na fi shekara a Makka kafin in san lungunanta. Akwai wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ke tuƙa tuwo ran Juma'a. Mukan zauna a benci mu ci da miyar kuka, kowa yana tuna gidansu, ita kuma in ta ga mutum ya side kwano sai ta ƙara masa miya ba tare da ya roƙa ba. Ina cikin ci aka dafa kafaɗata.

"Oga Haladu! Wallahi ƙeyar nan ko a filin ƙiyama zan gane ta."

Ilu ne. Maƙwabcina ne a Funtuwa, na girme shi da shekara uku. A da bas yake ja zuwa Kano, kuma ba a yin wata biyu bai kawo mini ita da ƙonannen kuloci ba. Da silifas da riga mai maiƙo na san shi. Yanzu ga shi cikin farar jallabiya mai guga, da agogo, yana juya makullin mota a yatsa. Ya yi ƙiba. Yana magana yana tsoma Larabci kamar a nan aka yanke masa cibiya.

"A wace warsha kake, Oga?" Warsha ita ce gareji.

Na ce ina Aziziyya. Ya dubi hannuna, ya ga babu tabon mai ko ɗaya, ya gane. Bai ƙara tambaya ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Direban gida ne a wurin wani dattijo da ake kira Abu Yasir. Yana da ɗakinsa shi kaɗai, da na'urar sanyi, kuma daga tukunyar gidan ake zuba masa abinci. Ni mu goma sha biyu ne a ɗakinmu. Ya gaya mini duk wannan yana dariya, ba da nufin ya ci mini fuska ba, kuma wannan ma na riƙe shi a raina.

"Maigidana yana da wata mota da ta gagari kowa," in ji shi. "Taso mu je ka gani. Na sha ce masa akwai wani mugun bakanike a garinmu, mai faɗa kamar alƙali."

Abu Yasir Bahaushe ne haifaffen Makka. Kakansa ne ya zo daga Haɗeja da ƙafa. Ya yi ritaya daga koyarwa, dogo ne mai farin gemu, Hausarsa irin ta tsofaffi ce, Larabci na faɗo mata ta ko'ina. Ya kai ni tsakar gidansa ya yaye wani tamfol.

Ban taɓa ganin irinta ba. Koriya ce, gajeriya har ba ta kai mini ƙugu ba, mai dogon hanci. Kujera biyu, babu rufi, babu ƙofa, fitilunta biyu a waje kamar idon kwaɗo. Ba a kamfani aka haɗa ta ba. A akwatuna ya sayo sassanta daga Ingila tun yana da ƙarfinsa, ya ɗaura ta da hannunsa a wannan tsakar gida, noti bayan noti, ya sa mata injin wata tsohuwar mota. Jikinta faiba ne, ba ƙarfe ba. Ba ta da lamba, saboda haka ba ta hawa titi. Sai dai a ɗora ta a kan babbar mota a kai ta wani filin tsere da ke bayan gari ta hanyar Jidda. Yanzu gwiwarsa da idonsa sun hana shi tuƙa ta, Ilu ne yake zagayawa da ita, shi kuma ya zauna a inuwa da agogo a hannu.

"Matsalarta ɗaya, ya mu'allim," in ji Abu Yasir. "Zagaye ɗaya lafiya, na biyu lafiya, sai ta shiga kwanar hagu ta shaƙe ta mutu. Warsha uku sun taɓa ta. Kowa ya canza abin da ya ga dama, halas, shi ke nan, tana nan yadda take."

Mu'allim. Haka ake kiran ƙwararren mai sana'a a can. Fiye da shekara ba wanda ya kira ni da sunan sana'ata. Na ce a ba ni sifana.

Ni ba na gyara da kame-kame. Maigidana na gareji ya koya mini abu uku a jere: wuta, mai, iska. Ba a tsallaka na ɗaya a je na biyu. Juma'ar farko na bi wuta, tun daga batir har fulogi, na same ta ƙalau. Juma'a ta biyu na bi mai. Na kwance kafireto na wanke, na hura tiyo, sannan na ce a sauke tanki. Ilu ya ce, "Oga, tankin me kuma? An duba shi." Na ce masa ya riƙe mini fitila ya rufe bakinsa. A can ƙasan tankin na zaro wani guntun roba da ya gutsure daga murfi, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba. In mota ta karkata a kwanar hagu sai ya zame ya toshe bakin bututu.

Abu Yasir ya ɗora shi a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Da ya ji labarin iƙamata sai ya ce, "Ɗan 'yar'uwata Majid yana da warsha. In motar nan ta yi mini zagaye goma ba ta tsaya ba, zan sa ya karɓi kafalarka. Wannan alkawari ne."

Saura mini wata biyar a lokacin.

Juma'a ta uku na yi mata abin da nake yi wa kowace mota da ta shigo hannuna daga ƙasashen sanyi. A bakin inji, inda babban tiyon ruwa yake shiga, akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar murfi da ake kira tamostat. Yana tsare ruwa sai inji ya ɗumama sannan ya buɗe. A gida duk bakanike ya san wannan kayan Turawa ne, saboda ƙanƙararsu suka yi shi. Maigidana yana cire shi, nasa maigidan ma yana cirewa. Muna da gwangwani guda a Funtuwa cike da su. In mota ba ta bukatarsa a Funtuwa, ina ga Makka, inda ƙarfe ke ƙona hannu tun da hantsi? Na kwance noti biyu, na zare shi, na mayar da murfi, na jefa shi a aljihu. Ban gaya wa kowa ba, ba don ɓoyewa ba. A ganina bai kai abin faɗa ba.

Zango na uku filin tsere ne. A shekarar ne aka mai da hutun mako Juma'a da Asabar, sai muka sa Asabar bayan sallar Asuba. Babbar motar ba ta iya shiga lungun Abu Yasir, dole muka turo ƙaramar da hannu har bakin titi. Ilu ne a ciki yana riƙe da sitiyari. Ni ne a baya ina turawa.

Filin kwalta ce mai laushi da aka shimfiɗa tsakanin baƙaƙen duwatsu, tana lanƙwasa nan ta miƙe can. Akwai rumfa, akwai samarin Larabawa da motocinsu masu tsada. Da aka sauke tamu suka taru suna ɗaukar hoto. Ilu ya sa hular kwano da safar hannu, ya tsaya kusa da ita, suka ɗauke shi. Ni ina tsugune ina auna iskar taya. Wani ya ce in matsa na shiga hoto.

Sai Ilu ya tashe ta.

Zan faɗi gaskiya a nan ko da ba ta yi mini daɗi. Ilu ya iya tuƙi. Mutumin da na sani yana ƙona kuloci a hanyar Kano ya shiga kwanar hagu bai taka birki ba sai a ƙarshe, ya sauke giya, motar ta kwanta ta fita kamar an ja ta da zare. Ba ta shaƙe ba. Ƙarar injin da na gyara da hannuna ta cika filin. Abu Yasir ya miƙe tsaye ya manta da gwiwarsa, yana cewa, "Ya salam, Ilu! Ya salam!" Sau huɗu na ji ya ambaci sunan Ilu. Na ƙirga.

A zagaye na biyar na ga Ilu yana leƙa allurar zafi. A na shida tururi ya taso daga hancin motar, ya gangaro da ita gefe ya kashe. Ruwa na tafasa a lagireto kamar tukunyar shayi.

"Mafi mushkila, ba matsala," in ji Abu Yasir. "Da biyu take yi, yau ta yi shida. Mu'allim zai gano."

Na bi ta a jere. Na sauke lagireto na wanke shi ciki da waje. Na duba famfon ruwa. Na haɗa fanka kai tsaye ta yadda da an kunna mota take juyawa. Azumi ya shigo muka dakata, bayan Salla muka koma fili: zagaye shida, ta tafasa. Na buɗe kan inji na canza gaskit duk da ban ga laifinsa ba. Muka koma: zagaye shida, ta tafasa. A cikin dukan abin da na lissafa ban sa ɗan ƙarfen nan ba ko sau ɗaya, domin a kaina cire shi magani ne na zafi.

Ranar da ta tafasa karo na uku Abu Yasir ya ce, "Ya mu'allim, me ya rage?"

Ilu yana can gefe ya cire hular kwano, wasu samari biyu suna tambayarsa yadda yake shiga kwana, yana nuna musu da hannu. Na kalle shi. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, inji lafiyarsa lau. Ƙafa ce."

"Ƙafar wa?"

"Na san shi tun a gida. Ba ya tausayin inji. Yana riƙe ta a ƙaramar giya tana kuka, ya danne totur har ƙasa. Ko sabuwa ce sai ta tafasa. A Funtuwa motoci nawa ya kashe a hannuna."

Rabin maganar gaskiya ce ta da. Na yi amfani da ita don in sayar da sauran. A lokacin na ce wa kaina na yarda da abin da na faɗa, amma na san daɗin da na ji da na ga fuskar Abu Yasir ta canza.

Ya kira Ilu. Ya ce, "Ashe kai kake dafa mini ita? Shekara nawa na yi ina ɗaura motar nan, ka ɗauke ta bas ɗin haya? Halas. In mun dawo bayan Hajji mu'allim ne zai tuƙa. Kai ka tsaya a kai yara makaranta."

Ilu ya dube ni. Ya ce, "Oga, ni ne?"

Na ce, "Kai ne."

Ya ce, "To, Oga ya fi ni sanin inji." Ya ajiye hular kwanon a kan kujera ya je ya kama tura mota.

Na san hassada haramun ce, kuma na san zunubi a Makka ba kamar zunubi a wani gari ba ne. Na yi ɗawafi a Juma'ar da ta biyo ina neman Allah ya cire mini ita. Ina cikin zagaye na huɗu na tsinci kaina ina tunanin ko hular kwanon za ta yi mini daidai.

Zango na huɗu Arfa ce. Lokacin Hajji sharika takan kwashe mu duka ta kai mu can kwasar shara, kwanaki kafin alhazai su iso. Wata rana da la'asar na ga wata tsohuwar bas a gefen hanya an ɗaga murfinta, tururi na tashi. Ƙafata ta kai ni ba da shawarata ba. Wani tsoho baƙi siriri yana kwance tiyo, yana mita da Hausar Damagaram. Malam Abdu sunansa, ya ce ya fi shekara talatin yana gyaran motocin alhazai. Ya ga yadda nake kallon hannunsa, ya ce, "Kai ba mai shara ba ne. Riƙe mini nan."

Ya buɗe murfin da ke bakin inji ya leƙa. Babu komai a ciki.

"Na sani! Wani ɗan'uwanmu ya biyo ta nan. Ku mutanen Najeriya da mu mutanen Nijar, Allah ya shirye mu. Duk inda muka ga ɗan ƙarfen nan sai mun cire."

Na ce, "Ai don sanyi aka yi shi, Malam."

"Haka ni ma aka koya mini." Ya kama yatsana ya tura shi cikin ramin. "Me ka ji a ƙasa?"

"Wata ƙaramar kafa."

"Gajeriyar hanya ce, tana komawa cikin inji. Ƙarfen nan aiki biyu yake yi a irin wannan inji. In ya buɗe hanyar lagireto, da ƙafarsa yake toshe wannan. Ka cire shi, ruwa ya ga hanya biyu a buɗe. Wa ya ce masa ya bi doguwa? Sai ya riƙa zagaye a cikin inji da zafinsa, lagireto na can yana hutawa. In kana lallaɓa mota a gari ba za ka gane ba. Ranar da ka ɗora mata kaya ka matsa mata, ranar za ta nuna maka."

Na tsaya da yatsana a cikin ramin. Ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa, ya ce, "Sha, fuskarka ta yi wani iri. Zafin Arfa ba wasa ba ne." Na sha. Ban gaya masa komai ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Zango na biyar ya mai da ni Hindawiyya, saura kwana goma sha takwas a buga mini huruj. Ɗan ƙarfen yana nan a ƙasan jakata, domin ba na yar da kayan mota. Na tafasa ruwa a butar shayi na jefa shi, na ga ya buɗe bakinsa lafiya. Ran Juma'a na ce zan duba mota kafin gobe. Na jira Abu Yasir ya shiga ciki, Ilu ya tafi kai iyali unguwa, na mayar da shi wurinsa na shafa gam na ɗaure. Lissafina shi ne: gobe ni zan tuƙa, ba za ta tafasa ba, maganata a kan Ilu ta tabbata, in sami takardata.

Hular kwanon ta yi mini yawa. Ilu ne ya ɗaure mini igiyarta a haɓa. Ya sunkuyo ya ce, "Oga, kwana ta uku tana yaudara. Kada ka taka birki a tsakiyarta, ka gama takawa kafin ka shiga."

Na ce, "Ina tuƙi tun ba ka san sitiyari ba."

Zama a cikinta kamar zama a ƙasa ne. Kwalta na gudu dab da gwiwar hannuna. Na saba gwada mota daga gareji zuwa gidan mai in dawo, ban taɓa sanin iska tana iya dukan ƙirjin mutum haka ba. A kwana ta uku na tsorata na taka birki a tsakiya. Bayan motar ya wuce gabanta, duwatsu suka juya, na tsinci kaina ina kallon inda na fito, ƙura ta rufe ni. Na ji dariyar samarin nan daga rumfa. Na sake tashinta. Daga nan na lallaɓa, zagaye bayan zagaye, ina ƙirgawa da baki, har goma. Allura ba ta wuce tsakiya ba.

Na fito na ce, "Baba, goma."

Abu Yasir ya dubi agogonsa. "Goma ne. Amma a wannan tafiyar, ya mu'allim, ko keken guragu ma ba zai tafasa ba. Ban ga komai ba tukuna. Ilu, ta'al, zo nan. Shiga. Ka matsa mata yadda ka saba."

Ban yi wannan lissafin ba.

Ilu ya shiga. Ya yi shida, ya yi bakwai, ya yi goma, bai tsaya ba sai da ya yi goma sha biyu. Ya fi kowane lokaci gudu. Da ya tsaya babu tururi, inji na numfashi a hankali. Ya fito yana ihu, "Oga, ta warke! Wallahi ta warke!" Ya rungume ni da hular a kansa.

Abu Yasir bai yi murna ba. Ya ce, "Ƙafar ita ce ta da. To me ya canza? Ko sanyin da aka fara ne?"

Na ga ƙofar kuɓuta a nan, na kusa shiga. Sai ya ƙara da cewa, "In sanyi ne, sai mu jira zafi ya dawo mu tabbatar." Ni kuma kwana goma sha bakwai gare ni.

Ya sa aka buɗe murfin inji. Mutumin da ya ɗaura mota da hannunsa ya san kowane noti nata. Idonsa ba shi da ƙarfi, amma ya bi da yatsa har ya tsaya a bakin tiyo. Ya murza, ya shinshina.

"Gam ɗin nan sabo ne."

Ba zan ce tsoron Allah ne ya buɗe bakina ba. Hanya ce ta ƙare. Na faɗa masa a jere, yadda ya faru: ranar da na cire, dalilin da ya sa na cire, abin da tsohon Arfa ya nuna mini, da jiya da na mayar a ɓoye.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Cirewar ba komai ba ce. Haka aka koya maka, kowa yana kuskure. Amma ka dawo daga Arfa ka san ba shi ba ne, ka bar shi ya ɗaure maka hula." Ya juya ya ce a ɗora mota. Bai ambaci Majid ba, ni ma ban tambaya ba.

A hanyar komawa ni da Ilu muka zauna a bayan babbar motar kusa da ƙaramar. Mun wuce shingen shiga Makka kafin ya yi magana.

"Oga, me na yi maka?"

Na ce, "Ba ka yi mini komai ba."

"To ai shi ne." Ya kau da kai yana kallon duwatsu.

Na koma Aziziyya na fara haɗa kaya. Na wanke rigar lemo na ninke. Na saya wa Hajara dabino da turare, na shirya abin da zan ce mata. Kwana tara ba wanda ya neme ni. A na goma, ina goge matakala, waya ta yi ƙara. Abu Yasir ne.

"Gobe da safe ka je warshar Majid da fasfonka. Kada ka gode mini, ni na riga na rufe maganarka. Kwana tara Ilu yana bina, in na fito masallaci yana nan, in na shiga mota yana nan. Ya ce alkawarin zagaye goma na yi, ban yi alkawarin hali ba. Ya ce in ba kai ba, shi ba zai ƙara hawa motar da wani ya taɓa ba. Ya ishe ni. Yalla, ka je."

Na zauna a kan matakalar da tsumma a hannu. Na sami abin da na zo nema. Na duba zuciyata in ga godiya, na same ta, amma ba ita kaɗai ba ce a wurin. Da ɗakinsa, da jallabiyarsa, da tuƙinsa, yanzu kuma har da wannan ya fi ni.

Washegari na isa warshar tun ba a buɗe ba. Ƙofa uku ce, da ramin duba mota, da sifanu jere a bango daga ƙarami zuwa babba, yadda nake so. Warin baƙin mai ya daki hancina. Majid ya iso, saurayi ne mai ƙiba, Hausarsa ba ta da yawa. Ya karɓi fasfona ya juya shi, ya kira sauran ma'aikata su ga sabon bakanike. Bai duba sunan da ke ciki ba.

Ya ce, "Kai ne mutumin Ilu?"

Duk suna kallona suna jira.

Na ce, "Ni ne."